Tarihin Allurar Tarin Fuka da Kaluluwar Jarirai

Kowa ya san kaluluwa. In mutum ya yi tuntuɓe, yatsarsa ta yi miki, bayan kwana biyu sai ya ji wani ɗan ƙullutu ya taso masa a matsematsi, yana zafi in an taɓa. In kuwa a hannu mikin ya ke, sai ƙullutun ya fito a hammata. Babban mutum ba ya damuwa da ita ƙwarai, don ya san da mikin ya warke ita ma za ta kwanta. Amma in a jikin jariri ɗan wata biyu aka gan ta, a hammatar hannun da aka yi wa allurar rigakafin tarin fuka, sai hankalin gida duka ya tashi. Uwa ta kasa barci, kaka ta ce a kirawo wanzami, maƙwabta kuma su ce ai ga irin abin da allurar asibiti ta kan jawo. Daga nan sai ka ga in an sake haihuwa a gidan an ɓoye jaririn, an hana a yi masa.

Wannan kaluluwa ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Tare da allurar ta taso, sun kuwa fi shekara 100 suna tafe tare. Cikin waɗannan shekaru an ga lokacin da ta yi yawa, an ga lokacin da ta ragu, an kuma bi sawu har an gano dalili. Wanda ya san labarin nan ba zai guje wa allurar ba, ba zai kuma bari a kai wa jaririnsa aska ba. Sabo da haka bari mu ɗauko shi tun daga tushe.

CUTAR DA A KE GUDU

Tarin fuka, wanda a ke kira tibi, tsohuwar cuta ce, don an ga alamunta har a ƙasusuwan gawawwakin Misirawan dauri. Mutanen dā suna tsammanin gadonta a ke yi, sabo da su kan ga ta shiga gida guda ta bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ran 24 ga watan Maris na shekarar 1882 wani likitan Jamus mai suna Robat Kok ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana a birnin Barlin, ya nuna musu ƙwayar da ke kawo cutar. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai kama da guntun tsinke, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ya kuma gaya musu, a zamanin nan cikin mutum bakwai da ke mutuwa, ɗaya ita ce ajalinsa.

Ga manya a huhu ta fi zama, ta yi ta cin mutum sannu a hankali, da tari, da rama, da gumin dare. Jarirai kuwa ba ta ba su wannan jinkiri. Ta kan bi jini ta watsu cikin jiki duka kamar an watsa tsabar gero, ko kuwa ta hau kai ta zama wani irin sanƙarau. Kafin a sami maganin cutar cikin shekarun 1940, yaron da wannan sanƙarau ya kama da wuya ya tashi.

Masana sun riga sun san hanya guda. Tun shekarar 1796 wani likitan Ingila, Edwad Jena, ya nuna in an sa wa mutum ruwan ƙurajen wata cutar shanu marar ƙarfi, agana ba ta kama shi. Asalin lamba ke nan. Bayansa kuma Luwi Pasto na Faransa ya nuna ana iya raunana ƙwayar cuta da gangan, a sa wa jiki don ya koyi yaƙi da ita. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai horar da ƙwayar tarin fuka.

DANKALI DA MAƊACIYAR SA

Mutum biyu suka ɗauki wannan aiki a birnin Lil, arewacin Faransa, a gidan bincike mai sunan Pasto. Ɗaya likitan mutane ne, Alba Kalmet, wanda ya riga ya yi suna wajen haɗa maganin dafin maciji. Ɗayan likitan dabbobi ne, Kamil Geran. Ƙwayar da suka yi aiki da ita ta tarin fukar shanu ce, wadda wani masani mai suna Nokar ya samo daga hantsar wata saniya marar lafiya. Tana da ƙarfi ƙwarai, don in an sa wa ɓeran Masar sai ya mutu.

Ƙwayoyin nan su kan cure wuri guda, ba su rabuwa. Don su warware su sai Kalmet da Geran suka zuba musu ruwan maɗaciyar sa, watau matsarmama. Can sai suka lura ƙwayar da ta girma cikin wannan ɗaci ƙarfinta ya kan ragu. To, a shekarar 1908 suka ɗaura niyya. Su kan yanka dankalin Turawa, su dafa shi cikin ruwan maɗaciya da wani ruwa mai yauƙi da a ke kira gilisarin, su shuka ƙwayar a kai. Bayan mako uku sai su ɗebi kaɗan su dasa a kan sabon dankali, kamar yadda mai lambu ke dashen albasa. Haka suka yi ta yi har sau 230, cikin shekara 13.

Ana cikin haka aka fara Yaƙin Duniya na Farko, sojan Jamus suka mamaye Lil daga 1914 har 1918. Dankali ya yi tsada, maɗaciya ta yi wuyar samu a mayanka, amma ba su bar dashen ya yanke ba. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Da suka gwada ƙwayar a kan shanu, da zomaye, da ɓeran Masar, sai suka tarar ba ta kawo cutar kuma, ga ta kuwa da ranta. Aka sa mata suna da baƙaƙe uku, BCG. Na farko yana nufin ƙwaya mai kama da tsinke, sauran biyun kuwa farkon sunayen mutanen nan ne yadda Faransawa ke rubuta su.

Mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, don ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo. Abin da ke cikin kwalbar BCG ƙwaya ce mai rai, an dai karya lagonta ne.

JARIRI NA FARKO

Cikin watan Yuli na 1921 aka haifi wani yaro a wani asibiti a birnin Faris. Uwarsa ta rasu da tarin fuka jim kaɗan bayan haihuwa, kakar da za ta rene shi kuma tana da cutar. Likitoci biyu, Wail-Hale da Turpan, suka ga in an bar shi haka ba shi da mafita, sai suka ba shi BCG ta baki. Yaron ya girma lafiya. Daga 1924 gidan Pasto na Faris ya fara rarraba maganin, kafin ƙarshen 1928 jariran da aka ba a Faransa sun haura 100,000. A wannan shekara ce tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya da ke Janiba ta yarda da shi.

A lokacin nan ba allura a ke yi ba. A cokali a ke ba jariri, cikin ɗan nono, sau uku a kwanakin goman farko. Tun daga nan likitoci suka fara ganin kaluluwa ga waɗansu jarirai, amma a wuya ta kan fito, ba a hammata ba. Wani lokaci kuma kunne ya kan yi ruwa. Me ya sa wuya? Amsar tana cikin yadda Allah ya tsara jikin ɗan Adam.

YADDA KALULUWA KE FITOWA

Ban da jijiyoyin jini, akwai waɗansu siraran hanyoyi cikin jiki waɗanda wani farin ruwa ke bi. Ruwan nan ya kan kwaso duk abin da ya shiga nama ta fata ko ta baki. A kan hanyoyin akwai 'yan ƙwayoyin nama masu kamar wake, an jera su a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ciki. Aikinsu irin na sarkin ƙofa ne a birni mai ganuwa. Duk baƙon da ya zo sai an tsai da shi a ƙofa, a dube shi, a san kamanninsa. In baƙon mugu ne sai dakarun jiki su taru a wurin, taruwar nan tasu kuwa ita ce kumburin da mu ke kira kaluluwa.

Ka ga ke nan ƙwayar BCG ba ta tsayawa inda aka sa ta. Dole ta bi hanya ta isa ƙofar da ta fi kusa, a nan ne jiki ke karanta ta, ya riƙe kamanninta, don ran da ƙwayar tarin fuka ta gaske ta zo ya gane ta tun daga nesa. In ta baki aka ba da ita, ƙofar wuya da ta hanji za ta tarar. In a dantse aka yi, sai hammatar wannan hannu, wani lokaci kuma gindin wuya ta wannan gefe. Ɗan kumburi kaɗan wanda ba ya damun yaro alama ce jiki yana aikinsa. Abin da likitoci suka yi ta nema shi ne yadda kumburin ba zai wuce kima ba.

MASIFAR LUBEK

Kafin su kai ga haka sai wani mugun abu ya auku wanda ya kusa kashe maganin ɗungum. A shekarar 1929 hukumar lafiya ta Lubek, wani birni a arewacin Jamus, ta karɓo irin BCG daga Faris, aka riƙa renonsa a babban asibitin garin. A farkon 1930 aka ba jarirai 251 ta baki. Ba a jima ba sai suka fara ciwo, wuyansu ya cika da kaluluwa, ciki ya kumbura, suna zazzaɓi suna ramewa. Fiye da 70 suka mutu.

Jaridu suka ɗauka, aka ce ƙwayar Kalmet ce ta koma halinta na dā. Gwamnatin Jamus ta sa masana suka bincika, suka tarar ba haka ba ne. A ɗakin da a ke renon BCG, a nan kuma a ke ajiye wata ƙwayar tarin fukar mutane mai ƙarfi da aka kawo daga birnin Kil, ita ce ta gauraya da maganin. Ba a kuwa gwada shi a kan dabbobi ba kafin a ba jarirai. Aka yi shari'a daga Oktoba 1931 zuwa Fabrairu 1932, aka ɗaure shugaban asibitin shekara 2, babban jami'in lafiya na birnin kuma wata 15. BCG ta fita da gaskiyarta, amma baƙin cikin abin bai bar Kalmet ba har ya rasu a 1933.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jamus ta bar maganin har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu ƙasashe ma suka ja da baya, yaran da za a iya tsarewa kuwa suka zauna ba kariya. Amma an koyi darasi. Daga nan aka kafa ƙa'ida, ba a haɗa BCG a gini guda da wata ƙwayar cuta mai ƙarfi, kuma kowane kashi sai an gwada shi kafin ya fita. An kuma gane bambanci tsakanin kaluluwa iri biyu. Ta jariran Lubek tarin fuka ce ta gaske, tana tafe da zazzaɓi da rama. Ta BCG kuwa a wuri guda ta kan tsaya, yaro yana shan nono yana ƙiba abinsa.

DAGA BAKI ZUWA FATA

Tun kafin abin Lubek waɗansu likitoci sun fara neman hanyar da ta fi baki. Aka gwada tura allura ƙarƙashin fata, sai aka ga wurin ya kan tara mugunya ya zama babban ƙurji. A shekarar 1927 wani likitan yara a ƙasar Suwidin, Arbid Walgiren, ya fito da dabarar da a ke bi har yau, watau a sa bakin allura a kwance cikin fatar kanta, sama sama, har wurin ya yi ɗan tudu fari. Wannan aiki yana son hannu mai natsuwa, don fatar jariri ba ta da kauri. In allura ta zarce ƙasa ko da kaɗan ne, ƙurji da kaluluwa sun fi saurin fitowa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarin fuka ya yi yawa cikin ƙasashen da yaƙi ya ragargaza. Ƙungiyoyin agaji na Danmak, da Nowe, da Suwidin suka haɗa kai da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga 1948 zuwa 1951 suka gwada mutum kusan miliyan 30, suka yi wa kusan miliyan 14 allura. A shekarar 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa BCG cikin alluran da ta ke so kowane yaro ya samu, ƙasashenmu kuma suka shiga shirin ɗaya bayan ɗaya. A Nijeriya da Nijar tun haihuwa a ke yi. Tsofaffi da yawa tabon da ke dantsensu na lambar agana ne, amma an daina wannan lamba bayan da aka tabbatar agana ta ƙare a duniya a 1980. Tabon da ke kafaɗar wanda aka haifa bayan haka na BCG ne.

Ga yadda allurar ta kan yi in ta tafi daidai. Ɗan tudun nan ya kan baje a ranar. Bayan mako biyu ko uku sai ƙaramin ƙurji ya fito, ya fashe ya yi ɗan ruwa, sa'an nan ya bushe da kansa, wajen wata uku ya bar tabo. Ba a matsa shi, ba a shafa masa kome.

UWA ƊAYA, 'YA'YA DABAM DABAM

Da aka bazu da allurar ko'ina sai aka lura da wani abin mamaki. A wata ƙasa da ƙyar a ga kaluluwa mai mugunya, a wata kuwa ta yi yawa, alhali duka BCG a ke kira. Dalilin ya koma ga dankalin nan. Kalmet ya kan ba duk ƙasar da ta roƙa irin ƙwayar. Rasha, da Japan, da Barazil sun karɓa cikin shekarun 1920, Danmak a 1931. Kowace ƙasa ta ci gaba da nata dashen shekara da shekaru, abu mai rai kuwa ya kan sāke a hankali, kamar yadda irin dawa guda in an kai shi garuruwa dabam dabam ya kan fito da kamanni dabam dabam. Sai cikin shekarun 1950 da 1960, da aka iya daskarar da ƙwayar a busar da ita ta zama gari, sa'an nan aka tsai da kowane iri yadda ya ke. Irin Faris da irin Danmak suka zama masu ƙarfi, sun fi tā da kaluluwa. Irin Tokiyo, da na Barazil, da wanda kamfanin Glaxo na Ingila ya yi, suka zama masu sanyi.

Cikin shekarun 1980 kaluluwa ta yi yawa farat ɗaya ga jarirai a Zimbabuwe, da Mozambik, da tsibirin Jamaika. Da aka duba littattafan asibiti sai aka ga abin ya biyo bayan sauya irin maganin zuwa mai ƙarfi, masu allura kuma suna yi yadda suka saba da mai sanyi. Kada a ce wannan na ƙasashe matalauta ne kaɗai. Haka ya faru a Ostiriya a 1990 da aka koma irin Faris, haka kuma a Ayalan bayan 2002 da aka koma irin Danmak.

Daga waɗannan labarai likitoci suka tsamo abu huɗu da ke ƙara kaluluwa: ƙarfin irin da aka yi amfani da shi, da yawan abin da aka tura, da zurfin allura, da ƙuruciyar yaron, don sabon haihuwa ya fi babban yaro saurin yin ta. Shi ya sa a ke ba jaririn da bai kai shekara ba rabin abin da a ke ba babba, watau mililita 0.05. Kashi ɗaya ke nan cikin ɗari na cokalin shayi, kusan ɗigo guda. Shi ya sa kuma a ke zuba maganin a kwalba mai duhu don haske na lalata shi, in an kuwa jiƙa shi ba a ajiye ragowar fiye da sa'a 6. Inda a ke kiyaye waɗannan ƙa'idodi, kaluluwa mai mugunya ba ta cika wuce jariri ɗaya cikin 1,000 ba.

A lura, ba wani abu ya tona asirin waɗannan ɓarkewa ba sai rubutu. An rubuta ranar allura, da lambar kwalba, da hannun da aka yi wa, shi ya sa aka iya bin sawu. Katin rigakafin nan da a ke ba uwa, ashe ba takardar banza ba ce.

ASKA KO HAƘURI

To, in kaluluwa ta fito, me za a yi? Wannan ma an daɗe ana gwaji kafin a zauna a kan magana guda. Ta kan fito daga mako biyu zuwa wata shida bayan allura, iri biyu ce kuwa. Ta farko tana da tauri, tana motsi ƙarƙashin fata, fatar ba ta sāke launi ba. Wannan ba ta bukatar magani, ta kan kwanta da kanta cikin makonni ko watanni. Ta biyu ita ce wadda ta kan girma, ta yi laushi, fatar ta yi ja tana sheƙi, watau ta tara mugunya. In an bar ta ta kan fashe, ta yi ta zubar da ruwa wata da watanni kafin ta rufe da mummunan tabo.

Dā likitoci su kan tsaga ta da wuƙa kamar sauran maruru. Sai suka ga bakin tsagar ba ya son rufewa, ya kan zama gyambo mai daɗewa, don haka aka bar wannan hanya. Waɗansu suka riƙa ba jarirai magungunan kashe ƙwayoyin cuta su sha. Da masana suka tattara sakamakon gwaje-gwajen, a 2001 da kuma 2013, ba su ga shaidar cewa shan maganin yana hana ta tara mugunya ko yana gaggauta warkewa ba. Abin da aka ga ya yi amfani shi ne wanda likitocin birnin Shiraz na ƙasar Iran suka bayyana a 1994, watau a sa allura mai tsabta a zuƙe mugunyar da sirinji kafin ta fashe. Jariran da aka yi wa haka sun fi saurin warkewa. In an zuƙe ta dawo sau da yawa, ko ta riga ta zama gyambo, likitan fiɗa ya kan cire ƙullutun gaba ɗaya.

Mai karatu ya auna da kansa. In wuƙar likita, wadda aka dafa aka tsabtace, an hana ta taɓa wannan kaluluwa, ina ga askar wanzami, da sakiya, da ƙaho? Wanzami yana da aikinsa wanda kowa ya san shi da shi, amma hammatar jariri ba wurinsa ba ne. Manyan jijiyoyin jini da na motsin hannu ta nan suka bi. Tsaga ta kan buɗe wa waɗansu cututtuka ƙofa, har da sandarewar wuya da haƙora wadda a ke kira tetanus, jariri kuwa ba shi da jinin da zai yi asara. Kada garin neman gira a rasa ido. Abin da ya kamata shi ne a kai yaron asibiti da katinsa, a nuna wa likita ko malamin asibiti, a bar wurin da tsabta a bushe, a ci gaba da ba shi nono da sauran alluransa. Wannan kaluluwa ba tarin fuka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta numfashi.

WADDA BA A JIRA DA ITA

Akwai dai jarirai 'yan kaɗan waɗanda ko horarriyar ƙwaya ta fi ƙarfinsu. Su ne waɗanda aka haifa garkuwar jikinsu ba ta cika ba, da waɗanda suka ɗauki cuta mai karya garkuwar jiki daga uwa. Ga irinsu BCG ba ta tsayawa a ƙofa, ta kan shige cikin gari, ta kama ƙashi, da hanta, da saifa. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna haɗarin yana da girma, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2007 kada a yi wa jaririn da aka tabbatar yana da wannan cuta. A 2018 ta ƙara bayani, ta ce ana iya yi masa in yana shan maganin cutar, jikinsa kuma ya yi ƙarfi. Wannan na cikin dalilan da ya sa a ke so mai ciki ta je awo a gwada jininta.

Sabo da haka in kaluluwa ta zo tare da zazzaɓin da ba ya sauka, ko yaro yana ramewa, ko ya ƙi nono, ko ƙullutu ya fito a wurare da yawa har da ɗaya gefen, ko wata gaɓa ta kumbura, ko mikin allurar ya ƙi warkewa yana faɗi, to, ba a kwana. A kai shi babban asibiti, don wannan tana bukatar magani na musamman.

A ƊORA A SIKELI

Gaskiya ita ce BCG ba ta cika duk burin da aka ɗora mata ba. Gwajin da aka yi a Ingila cikin shekarun 1950 a kan 'yan makaranta fiye da 50,000 ya nuna ta tsare kusan kashi 80 cikin 100. Amma babban gwajin da aka fara a kudancin Indiya a 1968 bai nuna ta hana manya tarin huhu ba. Don haka wanda ya daɗe yana tari kada ya dogara ga tabon dantsensa, ya tafi a gwada majinarsa. Inda masana suka haɗu a kai shi ne jarirai. Cikin yara huɗu da sanƙarau na tarin fuka ko mai watsuwa kamar gero zai kama, allurar ta kan tsare kimanin uku. An kuma ga tana rage kamuwa da kuturta. Jariran da a ke yi wa ita a duniya kowace shekara sun kai miliyan 100, ga shi kuwa tarin fuka bai ƙare ba, don ko a 2023 ya kashe mutum fiye da miliyan ɗaya.

To, jama'a, ga sikeli. A gefe guda ga ƙullutu a hammata, wanda ba ya samun sai 'yan kaɗan, mafi yawa kuma ya kwanta da kansa ko a zuƙe shi da sirinji. A ɗaya gefen ga cutar da ke kashe yaro, ko ta bar shi kurma, ko makaho, ko shanyayye. Wanda ya iya karatu a gida, nauyin a kansa ya ke. Ya duba katin jariri ya ga ranar da aka yi allura da hannun da aka yi wa, ya kwantar wa uwa da kaka hankali da bayani mai daɗi, ya hana a kira mai aska, ya kuma san alamun da ba a jira da su. Kalmet da Geran sun yi shekara 13 suna dashe a kan dankali don su horar da ƙwayar nan. Haƙurin 'yan watanni da tafiya asibiti ba su fi ƙarfinmu ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya mai amfani, amin.